Taruwar Jini A Ƙarƙashin Farce: Maganinsa Da Lambobin Da Asibiti Ke Rubutawa

Daga cikin raunukan da suka fi samun mazauna karkara akwai taruwar jini a ƙarƙashin farce. Mace na daka taɓarya ta faɗo mata a yatsa, magini ya kuskure da guduma, saniya ta taka makiyayi, ko ƙofar mota ta matse hannun yaro. Cikin ɗan lokaci sai farce ya yi ja, daga nan ya koma baƙi, yatsa kuma ya kama zogi har ya hana barci. Wannan bayani zai nuna abin da ya kamata a yi, sannan ya fayyace ma'anar lambobin da ma'aikatan lafiya ke rubutawa, domin da su ake lissafin kuɗin aiki.

Abin Da Ke Kawo Zogin

A ƙarƙashin farce akwai tsoka mai laushi cike da ƙananan jijiyoyin jini. Idan abu mai nauyi ya bugi wurin, jijiyoyin sukan fashe, jini ya zubo. Da yake farce yana da tauri, jinin ba ya samun mafita, sai ya matse tsokar. Wannan matsi ne ke kawo zogin da ke tafiya tare da bugun zuciya.

Taimakon Farko A Gida

Da zarar abin ya faru, a cire zobe kafin yatsa ya kumbura. A wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a ɗora ƙanƙara da aka naɗe cikin ƙyalle ko a tsoma yatsan a ruwan sanyi, sannan a ɗaga hannun ko ƙafar sama. Ana iya shan farasitamol bisa ƙa'ida. Idan jinin kaɗan ne kuma ciwon bai tsananta ba, yakan warke da kansa.

Ana gargaɗin jama'a da kada su huda farce a gida da allura, ƙusa ko ƙaya, kada kuma su shafa toka, ƙasa, kashin shanu ko baƙin mai. Waɗannan na iya shigar da ƙwayoyin cuta, har da cutar sarƙe-haƙora mai saurin kisa.

Lokacin Zuwa Asibiti

A hanzarta zuwa asibiti idan zogi ya yi tsanani, ko jini ya mamaye rabin farce ko fiye, ko farcen ya tsage ko ya ɗago daga tushensa, ko yatsa ya karkace. Haka nan idan ruwa ko mugunya ya fara fita, ko zazzaɓi ya biyo baya. Masu ciwon sukari kada su jira ko da raunin ƙarami ne, musamman a yatsan ƙafa.

Yadda Ake Maganinsa

Ma'aikacin lafiya zai tsabtace farcen, sannan ya huda ƙaramin rami a kansa da allura mai tsabta ko na'ura mai zafafan baki. Jinin zai fito, yawanci kuma zogi yakan lafa nan take. Farce kansa ba ya jin zafi, don haka sau da yawa ba a buƙatar allurar kashe ciwo. Aikin ya fi amfani cikin kwana 2 na farko, domin bayan haka jinin yakan daskare. Wanda ya yi jinkiri ya rasa sauƙin da zai samu cikin 'yan mintoci.

Idan ana zaton ƙashin bakin yatsa ya karye, za a ɗauki hoton ƙashi. Idan farce ya farfashe kuma tsokar ƙarƙashinsa ta yage, likita na iya cire farcen ya ɗinke tsokar. Za a kuma tambayi mara lafiya ko ya yi rigakafin sarƙe-haƙora. Bayan magani tsohon farce na iya faɗuwa, wannan ba abin tsoro ba ne. Farcen hannu yakan ɗauki kimanin wata 6 kafin ya cika, na ƙafa kuwa wata 12 zuwa 18.

Akwai abu guda da ya kamata a lura da shi. Tabon jini yakan matsa gaba yayin da farce ke tsiro. Baƙin layi da ya bayyana ba tare da rauni ba, kuma bai gusa ba bayan watanni, sai a kai wa likita ya duba, domin wani nau'in sankarar fata yakan fara da haka.

Ma'anar Lambobin

Lambobin asibiti iri biyu ne. Na farko suna faɗin abin da ya sami mara lafiya, na biyu suna faɗin aikin da aka yi masa.

Lambobin cuta sun fito ne daga kundin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, wanda ake kira ICD. A bugu na 10, wanda aka fara aiki da shi a 1994, S60.1 na nufin bugun yatsan hannu tare da lahani ga farce, S90.2 kuma bugun yatsan ƙafa tare da lahani ga farce. Idan akwai buɗaɗɗen rauni a yatsan hannu tare da lahanin farce, lambar ita ce S61.1. Bugu na 11 ya fara aiki a watan Janairun 2022, ƙasashe kuma suna komawa kansa sannu a hankali.

Lambobin aiki kuwa kowace ƙasa da tsarinta. A Amurka ana amfani da kundin CPT, wanda Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fara bugawa a 1966. A cikinsa 11740 na nufin fitar da jinin da ya taru a ƙarƙashin farce, 11730 cire farce, 11760 kuma gyaran tsokar ƙarƙashin farce. Darasin da ke cikin wannan rabe-rabe shi ne ayyukan uku ba ɗaya ba ne. Huda farce aikin mintoci ne, ɗinkin tsoka kuwa ƙaramar tiyata ce, saboda haka kuɗinsu ba zai zama ɗaya ba.

Dalilin Da Ya Sa Ya Shafe Mu

A watan Mayun 2022 aka sanya hannu kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohon shirin da aka ƙaddamar a 2005, ta kuma wajabta inshorar lafiya ga 'yan Nijeriya. Duk inda wata hukuma ce ke biya wa mara lafiya kuɗin magani, abin da aka rubuta a takarda shi ne hujja. Idan an huda farce amma aka rubuta an cire shi, an ci kuɗin da ba a yi aikinsa ba. Idan kuma an ɗinke tsoka aka rubuta wankin ciwo kawai, asibiti ne ya yi asara, likitan da zai duba mara lafiyar nan gaba kuma ba zai san gaskiyar abin da aka yi ba.

Don haka ana shawartar mara lafiya ya tambayi sunan aikin da aka yi masa, ya karɓi rasit, ya kuma adana katinsa na asibiti. Wanda bai iya karatu ba ya nemi a karanta masa kafin ya biya.

Jami'an lafiya na ƙananan hukumomi kuwa su tabbatar ana rubuta wane yatsa ne, na dama ko na hagu, abin da ya jawo raunin, da ainihin aikin da aka yi. Masu unguwanni, dagatai da kwamitocin raya mazaɓu su taimaka wajen sanar da jama'a cewa a kai mai irin wannan rauni asibiti cikin kwana 2 na farko.