Zangon Kumasi: Me ke hannunmu, me ke kan gwamnati?

Duk majalisar da na zauna a Zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase har Sawaba, in aka taɓo maganar gwamnati sai jama'a su rabu gida biyu. Wasu na cewa ai gwamnati ce ta yi watsi da mu, shi ya sa muke baya. Wasu kuma na cewa kai, bar batun gwamnati, tashi ka nemi na kanka. Na daɗe ina sauraren ɓangarorin nan biyu, kuma abin da na lura shi ne, ra'ayin da mutum ya riƙe yana shafar har barcinsa da zaman gidansa.

Bari mu fara da tarihi, don shi ne malamin da ba ya ƙarya. Fataken goro da na shanu ne suka kafa zangon nan. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da shigowar Turawan Ingila Kumasi a 1896, Hausawa da sauran mutanen arewa suka yi ta kwararowa. Babu ma'aikatar da ta tarbe su. Mai gida ne ke saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa a kan bashi. Masallaci da makarantar allo kuwa da aljihun jama'a aka gina su. Wato tun asali amana da haɗin kai ne jarinmu.

Tarihin ya kuma nuna mana yadda fuskar hukuma ke juyawa cikin dare ɗaya. A 1957, shekarar da Ghana ta samu 'yancin kai, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, babban jagoran Zangon Kumasi, zuwa Najeriya, a lokacin yana tare da 'yan adawa. A watan Nuwamban 1969 kuma gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya gyara ko ya fita. Har yau dattawa na ba da labarin yadda aka yi gwanjon gidaje da shaguna a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Da yawa a nan aka haife su, amma ba su da takardar da za ta shaida haka. A 1983 Najeriya ma ta yi wa 'yan Ghana irin wannan kora. To wanda kakansa ya ga wannan, in ya ce bai yarda da gwamnati ba, ba za ka ga laifinsa ba.

Amma fa akwai inda hujjar "tashi ka nemi na kanka" ke tsayawa. Adashi na iya ba mace jarin sayar da koko da ƙosai, amma ba zai gina babbar kwata da za ta hana ruwan Aboabo shiga ɗakuna da damina ba. Haɗin kan 'yan kasuwa ba ya tsayar da darajar sidi. A watan Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin 100. Na ga mutanen da ba su taɓa wasa da sana'a ba, suna fitowa tun asuba, amma jarinsu ya narke suna kallo. Wanda ya ce wa irin waɗannan lalaci ne ya kayar da su, wallahi bai yi musu adalci ba.

Kuma ba za a ce ba a taɓa yin komai ba. Inshorar lafiya ta ƙasa ta zo a 2003, zamanin Kufuor. Karatun sakandare kyauta ya fara a watan Satumbar 2017. A shekarar ce majalisa ta amince da dokar asusun raya zanguna, aka kuma kafa ma'aikata ta musamman, wadda aka rushe a 2021. Sai dai ga inda gizo ke saƙar: sakandare kyauta ba ta amfanar yaron da aka cire daga aji aka zaunar a shago tun bai rubuta jarrabawar BECE ba. Katin inshorar da ba a sabunta ba, ranar ciwo ba ya aiki. Gwamnati ta buɗe ƙofa, amma ba za ta ɗauke ka ta shigar da kai ba.

Batun kwanciyar hankali kuwa, ga abin da na gani. Akwai wanda ya ɗaura farin cikinsa a kan sakamakon zaɓe. In jam'iyyarsa ta faɗi, shekara huɗu yana ɗaci, har ya daina gaisawa da maƙwabci. In ta ci, ya koma sintiri a ƙofar ɗan majalisa yana jiran kwangila ko kujerar Hajji, shagonsa na mutuwa. Ai mun ga Musulmi ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas, Dakta Bawumia, kuma NDC da NPP duk sun yi mulki sun sauka, amma kuɗin hayar ɗaki bai taɓa jiran kowa ba. A ɗaya gefen kuma akwai wanda ya toshe kunne gaba ɗaya, ba ya zaɓe, ba ya zuwa taron unguwa, sai ranar da aka zo rushe rumfarsa ya fara neman wanda zai tsaya masa.

Waɗanda na ga sun fi samun natsuwa su ne suka raba abin gida biyu. Abin da ke hannunsu ba sa jira. Takardar haihuwar yara da katin ɗan ƙasa suna nan a ajiye. Wanda baƙo ne ya gyara takardar zamansa, ya kuma san cewa dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, dokar da aka kafa hujja da ita wajen rufe shagunan 'yan Najeriya a Suame a 2019. Ba sa tara dukiyarsu duka a rumfa ɗaya, don gobarar Kejetia ta 2023 da ta Adum ta 2025 sun isa wa'azi. Abin da ke kan hukuma kuma, kamar kwata da hanya da asibiti da tsaro, suna nemansa a matsayin haƙƙi, a ƙungiyance, ba roƙo a ɗaiɗaice ba. Su ne za ka gani sun fito zaɓen ɗan majalisar unguwa, wanda mutane da yawa ke rainawa, alhali shi ne mafi kusa da ƙofar gidanka.

Hausawa sun ce, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Sun kuma ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan uwa, yaranmu na sauraren hirar da muke yi a ƙofar gida. In kullum zagin gwamnati suke ji, za su tashi da jira. In kuma sun ga uba ya biya adashinsa, ya duba littafin makarantarsu, sannan ya sa hula ya tafi taron unguwa a kan maganar kwata, to sun koyi darasi biyun a lokaci guda.