Ƙwallon Da A Ke Bugawa Cikin Waya

Yau zancenmu na wani wasa ne wanda ya shigo gidajenmu ba sallama, ya sami wurin zama cikin wayoyin mazanmu da ƙannenmu da 'ya'yanmu. Kwanan baya wata uwargida ta tare ni a ƙofar makaranta, ta ce, "Malama, ɗana ran Jumma'a ba ya ko duban tuwo sai ya gama sayen 'yan ƙwallo. Da wane kuɗi ya ke sayensu? Anya ba caca ya shiga ba?" Tambayarta tana kan hanya. Na ga ya kamata in amsa ta a nan don kowa ta ji, gama ni kaina na yi kaka guda cur cikin wannan wasa tare da danginmu, na ga amfaninsa, na kuma ga ramin da ke gefensa.

Sunan wasan Fantasy Premier League, samari kuwa su kan ce fantasi. Masu gasar Firimiya ta Ingila su ke gudanar da shi ta intanet tun kakar 2002/03, kuma a kakar 2024/25 mutum fiye da miliyan 11 suka shiga daga ƙasashen duniya. Irin wannan wasa ya girmi intanet. A Amurka aka fara shi cikin shekarun 1960, da takarda da fensir, ana duba sakamako a jarida. Kowace ƙasa da wasan da ta ke ɗora shi a kai. Mutanen Kanada, da sanyinsu ke daskarar da ruwa, su kan ɗora shi kan hoki na ƙanƙara, inda mutum shida-shida ke sulɓi bisa ƙanƙara suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna. Mu nan kuwa abin da samarinmu suka sani shi ne ƙwallon ƙafa na Ingila.

Ga yadda ya ke. Shiga kyauta ne. Da kin shiga sai a ba ki fam miliyan 100, amma fa kuɗin suna ne kawai, ba su sayen ko ƙwayar daddawa. Da su za ki zaɓi 'yan wasa 15 daga cikin waɗanda ke buga gasar da gaske: masu tsaron gida 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3. Ba a yarda ki ɗauki fiye da mutum 3 daga ƙungiya ɗaya ba. Kowane mako sai ki fid da 11, ki naɗa ɗayansu kyaftin. Abin da suka yi a fili can Ingila shi zai zama makinki. Ɗan gaba in ya ci ƙwallo maki 4 ne, ɗan tsakiya 5, ɗan baya 6. Wanda ya miƙa aka ci yana da 3. Jan kati kuwa ya kan zaftare 3. Makin kyaftin ninki biyu a ke yi masa. Haka za a yi ta tarawa har zagaye 38, daga Agusta zuwa Mayu.

To, yaya aka yi malamar firamare ta shiga wannan sha'ani? Mu mutanen Damari ne, a gabashin ƙasar Birnin Gwari, garin noma da haƙar zinariya a bakin daji. Ba sai na tsawaita muku abin da ya same mu ba. A 2021 an rufe layukan waya a yankinmu wajen wata biyu saboda 'yan bindiga, muka ɗanɗana zafin rashin jin muryar ɗan'uwa. A 2022 kuma masu ɗauke da makamai suka matsa wa Damari, jama'a da yawa suka bar gari. Gidanmu ya watse: wasu Zariya, wasu Kaduna, wasu Funtuwa, wani ƙanena har Ikko. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa ya ke, to, ƙafar ta rasa hanya. Aka kai ga in waya ta yi ƙara gaban mutum sai ya faɗi, don ba a kira sai da labarin rasuwa ko na neman kuɗin fansa.

A watan Agusta na 2024 wannan ƙanen nawa na Ikko ya buɗe mana ƙaramar gasa ta dangi cikin wasan, ya aiko da lambar shiga ta WhatsApp. Mu 16 muka shiga, mata 3. Na shiga ne don in sa ido a kan yara, sai ga shi lissafin ya kama ni.

Ku duba nan. A farkon kakar an sa wa Erling Haaland na Manchester City fam miliyan 15, Mohamed Salah na Liverpool kuma miliyan 12.5. In kin kwashi su biyun, miliyan 27.5 sun tafi. Saura 72.5 ga mutum 13, watau kowane ɗaya bai kai miliyan 6 ba. Ashe ba cefane ke nan ba? Wadda ta zuba rabin kuɗinta a nama, ai ta san miyar za ta rasa manja. Na kai wannan lissafi ajina, ban ambaci wasa a waya ba, na rubuta farashi a allo na ce kowa ya cika mutum 15 kada ya wuce 100. Yaran da ɗigon lissafi ke ba tsoro, ran nan har aka kaɗa ƙararrawa ba su so tashi ba, kuma 'yan mata ba su bar wa maza ko taku ɗaya ba.

Kakar ta fara ran 16 ga Agusta. Haaland ya ci ƙwallo 10 cikin wasa 5 na farko, samarin gidanmu duk suka ruga gare shi, suna yi wa wanda bai saye shi ba dariya. Cikin waɗanda a ke yi wa dariyar har da matar yayana, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda ba ta taɓa leƙa gidan kallon ƙwallo ba, labarin wasanni sai a rediyo. Ita ta riƙe Salah, ta cika sauran da masu araha: Chris Wood na Nottingham Forest, da Bryan Mbeumo na Brentford, da 'yan ƙasarmu Ola Aina da Alex Iwobi. Da aka tsokane ta sai ta ce, "Ni ba na sayen kaya ranar da kowa ke rububinsa."

Daga Nuwamba sai al'amari ya juya. Manchester City ta shiga shan kashi, ƙwallayen Haaland suka ja baya. Samari suka rikice. A wasan nan canji ɗaya a ke ba mutum kyauta kowane mako, in ya wuce abin da ya ke da shi sai a cire masa maki 4 a kan kowane ƙari. Wani ɗan kawunmu ya kan canja mutum uku ko huɗu a mako, yana bin wanda ya ci jiya, makinsa na zubewa kamar ruwa a kwando. Cikin watan nan ne kuma Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari kan batun sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu, har wasu 'yan'uwanmu suka soma leƙa gida. Da yake ana rufe canji awa ɗaya da rabi kafin wasan farko na mako, wanda ya ke can ya kan yi ta yawon neman sabis, in ya samu kuma sai ya haɗa mana da labarin gona da na makwabta. Wayar da da mu ke tsoron ƙararta, sai ta koma ta wasa da dariya.

An rufe kakar ran 25 ga Mayu, 2025. Liverpool ta ɗauki kofi. Salah ya ci ƙwallo 29, ya miƙa 18, ya tara maki 344, abin da babu wanda ya taɓa tarawa kafinsa. Wood da Mbeumo kowannensu ya ci 20. A gasar gidanmu matar yayana ce ta zo ta ɗaya, ni ta biyar, mai yawan canje-canje kuwa na ƙarshe. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu ga ramin da na ambata. Wajen tsakiyar kaka wani daga cikin samarin ya kawo shawara, wai kowa ya riƙa zuba naira 500 duk mako, wanda ya fi maki ya kwashe. Gwaggonmu ba ta cikin wasan, amma da labari ya kai mata sai ta sa aka kira shi, ta ce, "Ɗana, abin da ya haɗa ku kada ka mai da shi abin da zai raba ku. Ran da kuɗi ya shiga, caca ce, ko da wane suna ka kira ta." Maganar ta mutu nan take. Amma ba ta mutu a zuciyar kowa ba. Wani yaronmu, da ya ga ya iya hasashen wanda zai ci, sai ya ɗauka ya zama gwani, ya koma wajen masu cacar ƙwallo ta waya. Kuɗin jarrabawar da uwarsa ta tara da wankau ya tafi cikin sati uku. Ba mu sani ba sai da ranar biya ta zo.

Don haka amsar da na ba uwargidan nan ita zan ba ku. Wasan kansa ba a biyan ko kwabo, kuma ba a cin kuɗin kowa. Amma shi da caca makwabtan juna ne: 'yan wasa ɗaya, waya ɗaya, ranar Asabar ɗaya. A 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama, amma shagon da ke cikin aljihun yaro ba mai rufe shi sai na gida.

Ga abin da na ke ba ku shawara. Kada ku tsaya ga faɗa daga nesa. Ki ce wa yaro ya nuna miki ƙungiyarsa, ya yi miki lissafinta. In kin ga hotunan riguna 15 da maki, fantasi ne. In kuwa kin ga ana sa naira ana alkawarin ninka ta, ko kin tsinci 'yar doguwar takarda mai jerin sunayen ƙungiyoyi a aljihunsa sa'ad da ki ke wanki, to, wannan caca ce, ki tashi tsaye tun da wuri. Ki san nawa ya ke kashewa a data da caji da gidan kallo, gama na kyauta ma yana da cin kuɗi ta bayan gida. Ki yanka masa lokaci: rabin awa a mako ya isa shirya ƙungiya, ba ruwansa da lokacin karatu ko salla ko aike. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

In kuma akwai waya a hannunki, babu laifi ki shiga da kanki, ki ja 'yarki ku yi lissafin tare. Matar da ta iya raba kuɗin cefane ya kai ƙarshen wata ba za ta kasa raba miliyan 100 na suna ba. Uwar da ke cikin wasa kuwa ita ke fara ganin ranar da ya soma canja kama.

Allah ya shirya mana zuriya, ya zaunar da Birnin Gwari da ƙasarmu duka lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.