Dangin Geza da Neman Maganin Sankara

Duk wanda ya bi hanya daga Anka zuwa Bukkuyum da Gummi ya san geza da taramniya. Masana tsirrai sun sa su cikin zuriya guda, watau Combretum. Suna da wata 'yar'uwa a Afirka ta Kudu, Combretum caffrum, wadda daga ɓawonta ne George Pettit da abokan aikinsa na Amurka suka fitar da wani sinadari mai suna combretastatin cikin 1982. Cikin 1989 suka bayyana irinsa mafi ƙarfi, A-4.

Ga yadda ya ke aiki. Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne, kowacce kuwa in za ta rabu biyu sai ta gina waɗansu zarurruka daga wani abu da a ke kira tubulin, ana jera shi kamar tubali. Sankara ita ce ƙwayoyin da su ke ta rabuwa ba tsayawa. To, A-4 yakan shiga wani ɗan kogo a jikin tubulin ya zauna, sai gini ya tsaya, ƙwayar ta mutu. Amma yana da aibi biyu: ba ya narkewa sosai cikin ruwa, kuma siffarsa takan murɗe, ƙarfinsa ya ragu.

A nan kwamfuta ta shigo. Cikin 1998 Eva Nogales da abokanta suka fito da siffar tubulin, cikin 2004 kuma aka ga kogon nan filla-filla. Tun daga sa'an nan masana sukan zana dubban siffofi masu kama da A-4, na'ura ta gwada kowacce da kogon, kamar mai gwada mabuɗai a bakin kwado. 'Yan kaɗan da suka dace su a ke haɗawa a ɗakin bincike, a jarraba kan ƙwayoyi, da dabbobi, sa'an nan mutane. Na'ura tana rage wahalar nema ne kurum, ba ta tabbatar da waraka.

Saboda haka zumuntar geza da itacen nan ba ta mai da ita maganin sankara ba, kada marar lafiya ya jinkirta zuwa asibiti dominta. Abin da ya rataya a wuyan malaman Hausa shi ne su rubuta sunayen itatuwan ƙasar nan da amfaninsu daga bakin dattawa tun suna raye, don masu bincike su san inda za su fara.