Sirrin imel: Me ya bambanta buɗaɗɗiyar manhaja da rufaffiya?

Akwatin imel ya zama ma'ajiyar sirrin mutum a wannan zamani. A cikinsa ake samun takardar ɗaukar aiki da sanarwar banki da sakamakon asibiti, kuma ta nan ake sauya kalmar sirrin sauran shafukan intanet. Wanda ya samu damar shiga akwatin mutum ya samu mabuɗin ƙofofi da dama a lokaci guda.

Wannan ne ya sa masu kaffa-kaffa da sirrinsu ke yawan muhawara kan wanda ya fi cancanta a ba amana: manyan kamfanoni masu rufaffiyar manhaja, ko kuwa masu buɗaɗɗiya.

Rufaffiyar manhaja ita ce wadda kamfani ke riƙe da umarnin da aka rubuta ta da shi, babu mai gani sai ma'aikatansa. Gmail na kamfanin Google, wanda aka ƙaddamar a 2004, da Outlook na Microsoft da Yahoo Mail duk suna wannan rukuni. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa an wallafa umarninta a fili, ta yadda duk masanin da ya so zai iya karantawa ya gano ko tana yin abin da aka ce tana yi.

Wa ke riƙe da mabuɗi?

Gmail da takwarorinsa suna kulle saƙo yayin da yake tafiya a intanet da kuma lokacin da yake ajiye a kwamfutocinsu, sai dai mabuɗin yana hannun kamfanin. Ma'ana, kamfanin na iya buɗe saƙon, kuma zai iya miƙa shi ga hukuma idan doka ta tilasta masa. Har zuwa 2017, na'urorin Google na bibiyar abin da ke cikin saƙonnin Gmail na kyauta domin zaɓa wa mai akwati tallan da ya dace da shi, kafin kamfanin ya sanar da daina hakan.

Proton Mail, wanda wasu masana kimiyya da suka haɗu a cibiyar bincike ta CERN suka fara a 2014 a Suwizalan, ya ɗauki wata hanyar. Haka ma Tuta, wanda a da ake kira Tutanota, mai mazauni a birnin Hanover na Jamus. A tsarinsu ana kulle saƙo tun daga na'urar mai aikawa, kuma mabuɗin yana wajen mai akwati. Sun wallafa umarnin manhajojin da mutane ke amfani da su domin masana su tabbatar da wannan iƙirari.

Amfanin buɗewa ke nan: ta mayar da alƙawarin kamfani abin da za a iya bincika.

Inda kariyar ta tsaya

Sai dai buɗe manhaja ba ya nufin ta tsira daga kuskure. A 2014 aka gano ɓarakar da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, buɗaɗɗiyar manhajar da ɗimbin shafukan intanet ke dogaro da ita, bayan ta shafe kusan shekara biyu a wurin. A 2023 kuma kamfanin tsaro na ESET ya bayyana yadda masu kutse suka yi amfani da wata kafa a Roundcube, buɗaɗɗiyar manhajar imel da hukumomi da dama ke girkawa a kwamfutocinsu, wajen kai wa ma'aikatun gwamnati a Turai hari. Rufaffun ma ba su tsira ba: kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 ya shafi asusu kusan biliyan uku, kamar yadda kamfanin ya amince a 2017.

Haka kuma kullewar ba ta rufe komai. Kamar wasiƙar da aka liƙe a ambulan ce: ba a ganin abin da ke ciki, amma sunan mai aikawa da na mai karɓa da lokacin aikawa suna a waje. Sannan idan mai akwatin Proton ko Tuta ya aika saƙo ga mai Gmail ba tare da sanya masa kalmar sirri ta musamman ba, kwafin saƙon zai zauna a kwamfutocin Google kamar kowane saƙo.

Dokar wace ƙasa?

Babu kamfanin da ya fi ƙarfin dokar ƙasar da yake zaune. A 2013 Ladar Levison ya rufe kamfaninsa na imel mai suna Lavabit, wanda Edward Snowden ke amfani da shi, bayan hukumomin Amurka sun nemi mabuɗan da za su iya fallasa dukkan masu hulɗa da shi. A 2018 Amurka ta yi dokar CLOUD, wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da a waje aka ajiye su.

A 2021 ya bayyana cewa Proton ya miƙa lambar IP, wato adireshin na'ura a intanet, ta wani mai fafutukar kare muhalli a Faransa, bisa umarnin hukumomin Suwizalan. Kamfanin bai iya buɗe saƙonninsa ba, amma lamarin ya nuna cewa ɓoye saƙo daban, ɓoye mai saƙon daban.

A Najeriya, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba mutum 'yancin sanin yadda ake sarrafa bayanansa, ƙarƙashin kulawar hukumar NDPC. Duk da haka, akasarin akwatunan imel da ake amfani da su suna ajiye ne a ƙasashen waje, inda dokokin can ke aiki a kansu.

Abin lura kafin zaɓi

Kowane ɓangare na da farashinsa. Gmail na bayar da gigabait 15 kyauta, yana da ƙarfi wajen tace saƙonnin 'yan damfara, kuma akwai hanyoyin dawo da akwati idan an manta kalmar sirri. Masu kulle saƙo kuwa wurin ajiyarsu na kyauta kaɗan ne, kuma wanda ya manta kalmar sirrinsa bai adana bayanan farfaɗowa ba, zai iya rasa tsofaffin saƙonninsa har abada, domin kamfanin kansa ba shi da mabuɗi.

Ga ɗan jarida da lauya da likita, waɗanda ke riƙe da sirrin wasu, buɗaɗɗen tsari mai kulle saƙo ya fi dacewa, musamman idan abokin hulɗarsu ma yana kan tsarin. Ga sauran jama'a, babban haɗarin yau da kullum shi ne satar kalmar sirri ta hanyar saƙonnin yaudara. Maganinsa iri ɗaya ne a kowane tsari: kalmar sirri mai tsawo wadda ba a maimaita ta a wani shafi ba, da kunna tantancewa mai mataki biyu.