Katangar da ta karkata: wa zai biya idan hadari ya rusa gida?

A ƙasar Tasawa da Mayahi, iska ce ke riga ruwa isowa. Hadari zai taso daga gabas da jar ƙura, ya yaye kwano, ya kwantar da darni, sannan ruwa ya biyo baya. Ɗakin ƙasa kuwa ba ya faɗuwa a ruwan farko. Gindinsa ne ke shan ruwa kwana da kwanaki, yaɓe ya zube, azara ta yi nauyi, sai wani dare soro ya rufta kan masu barci. A daminar 2024 mutane fiye da 300 suka rasu a Nijar, fiye da miliyan ɗaya suka tagayyara, kuma jihar Maraɗi ce ta fi kowace yawan mamata. Da yawansu gini ne ya danne su, ba ruwa ya tafi da su ba.

Bayan jana'iza da jaje, akwai tambayar da mutane ke jin nauyin yi: in katangar wani ce ta faɗa wa ɗan maƙwabci, akwai hakki ko babu?

Akwai. Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa, a aya ta 1386, ta ɗora wa mai gini alhakin ɓarnar da rushewarsa ta jawo, muddin rashin gyara ne ko kuskuren gini ya kawo ta. Mafitarsa ita ce ya nuna cewa abin ya fi ƙarfin kowa, ba a zace shi ba, ba a kuma iya tare shi. Malaman Malikiyya sun riga sun tattauna wannan mas'ala, kuma hukuncinsu ya fi kusa da zaman unguwa. In katanga ta karkata, aka gargaɗi mai ita gaban shaidu, ya samu lokacin da zai rushe ta ko ya tokare ta bai yi ba, to abin da ta halaka yana wuyansa, rai ne ko dukiya. Wasu malaman ma sun ce in haɗarinta ya fito fili, ba sai an jira gargaɗi ba.

A nan ne nake ganin muna cutar kanmu. Maƙwabci zai ga tsaga ta ratsa katanga daga sama har ƙasa, ya ga indararo na zuba a gindinta, 'ya'yansa na kwana ƙarƙashinta, amma kunya ta hana shi magana. In ta faɗi sai a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke wa mai sakaci nauyinsa, kuma yafiyar da aka yi don an rasa shaida ba yafiya ba ce. Gargaɗin ba ya bukatar lauya: mai unguwa ko liman da dattijo ɗaya sun isa. In an kasa daidaitawa, dokar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta irin wannan rikici, kafin a kai ga alƙali.

To shi wanda gidansa ya rushe ba da laifin kowa ba fa? A Amurka daga cikin hanyoyinsa akwai inshorar gida, da rage asarar daga kuɗin da ake yanka masa haraji a kai, in gwamnati ta ayyana bala'i a yankinsa. Ko can ba a rasa rigima ba. Bayan guguwar Katrina ta 2005 an daɗe ana shari'a kan ko iska ce ta rusa gida ko ruwa, domin inshorar gida tana biyan ɓarnar iska, ta ambaliya kuwa takardarta daban.

A Nijar, harkar inshora tana bin dokar CIMA, yarjejeniyar da ƙasashen Afirka masu amfani da sefa suka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Ta wajabta inshorar mota, ba ta wajabta ta gida ba, kuma da wuya ka ga manomin Kanembakashe ko Gazawa da takardar inshorar ɗakinsa. Sassaucin haraji ma ba zai tsinana masa komai ba: wanda ba shi da albashi, daga me za a rage masa? Inshorar da ta taɓa isa ga irinsa ta gwamnati ce, kuma ta fari ce: a 2015 hukumar ARC ta Tarayyar Afirka ta biya Nijar kimanin dala miliyan 3.5. Ta rushewar gida, sai ƙidayar da ma'aikatan magajin gari ke yi, da buhun hatsi, tabarma, bargo da gidan sauro in agaji ya iso. Mutane su fake a azuzuwan makaranta, abin da ya sa a 2024 aka ɗage komawa karatu zuwa ƙarshen Oktoba.

Sauran nauyin yana kan dangi: ɗan da ke ci-rani a Kano ko Agadas ya aiko kuɗi, a sayar da akuya, samari su yi gayyar buga tubali bayan kaka. Matsalar ita ce hadari ɗaya kan rusa unguwa guda, mai ba da gudummawa shi ma yana neman wanda zai ba shi. Kuma yawanci a gurbin da ruwa ya kwanta ake sake ɗora tubalin, saboda fili a tudu sai da kuɗi.