Kwaɗayin Tuwo da Zaƙi: Shin Barin Hatsi Yana Rage Ƙiba?

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara, idan aka ce mutum ya ci abinci, to hatsi ake nufi. Da safe koko ne ko ɗumamen tuwo, da rana fura da nono, da dare tuwon dawa ko na masara, in kuma an sami hali a yi na shinkafa. Ga hoce, ga waina, ga dambu. Sai ga shi a 'yan shekarun nan wata shawara tana yawo a wayoyin ma'aikata da 'yan kasuwa da matan aure, cewa duk mai son ya rabu da teɓa ya bar tuwo da shinkafa da burodi baki ɗaya, ya koma ga nama da ƙwai da mai. Wanda ya gwada yakan ga sikeli ya sauka cikin mako guda, sa'an nan kwaɗayin tuwo ya taso masa har ya rasa sukuni. Me ke faruwa a jikinsa?

Masana suna kiran wannan rukunin abinci kabohaidiret, wato sitaci da sukari, abin da aka koya mana a firamare da sunan abinci mai ba da ƙarfi. Idan ya shiga ciki, jiki yakan narkar da shi ya zama gulukos, ya bi jini. Ƙwaƙwalwar baligi ita kaɗai tana cin kimanin giram 120 na gulukos kowace rana. Abin da ya yi saura kuwa, sinadarin insulin da saifar nan ta bayan tumbi ke fitarwa shi ke tura shi cikin hanta da tsoka a ajiye, kamar yadda manomi ke zuba rarar hatsi a rumbu. Sunan wannan ajiya gilaikojin, kuma ba ta cika wuce rabin kilo ba.

A nan ne sirrin saukar sikeli yake. Kowane giram ɗaya na gilaikojin yana riƙe da kimanin giram 3 na ruwa. Da mutum ya daina cin hatsi, jiki zai fasa rumbun nan, ruwan da ke tare da shi ya fita ta fitsari, sai a ga kilo ɗaya ko biyu sun tafi cikin 'yan kwanaki. Yawancin abin da ya tafi ruwa ne, kitse yana nan inda yake. Ranar da aka koma wa tuwo, ruwan ya dawo, mutum ya ce ai tuwo ne ya ƙara masa ƙiba dare ɗaya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1863 wani Bature a Landan mai suna William Banting ya wallafa ɗan littafi kan yadda ya rage ƙiba da barin burodi da sukari da dankali. A 1921 likita Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara abinci mai yawan mai da ƙarancin sitaci, amma shi masu farfaɗiya ya yi dominsu. A 1972 kuma littafin likita Robert Atkins ya watsa abin a duniya. Sai dai gwaji na tsanaki bai yawaita ba sai daga baya. A 2003 an gwada mutum 63 a Amurka: masu ƙaurace wa sitaci sun fi sauran ragewa a wata shida na farko, amma da shekara ta cika bambancin ya ragu har ba a iya dogara da shi. A 2018 Christopher Gardner da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka raba mutum 609 gida biyu har tsawon shekara guda. Waɗanda suka rage sitaci sun sauke kimanin kilo 6, waɗanda suka rage mai kuwa kimanin kilo 5.3. Abin lura shi ne, duka ɓangarorin biyu an umurce su su rage sukari da farin fulawa, su yawaita ganye. A cikin kowane ɓangare an sami wanda ya sauke fiye da kilo 20, an kuma sami wanda ya ƙara nauyi.

Ke nan rage sitaci yana aiki, daidai gwargwadon yadda sauran hanyoyi ke yi, kuma dalilinsa ɗaya ne: mutum ya ci ƙasa da abin da jikinsa ke ƙonawa. Nama da ƙwai da wake suna daɗewa a ciki, shi ya sa wasu suka fi jin sauƙin wannan hanya. Amma kada mai karatu ya manta, giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na sitaci kuwa 4. Wanda ya bar tuwo ya rungumi soyayyen nama, yana iya ƙarewa inda ya fara.

Batun kwaɗayi ya fi wannan sarƙaƙiya. Richard da Judith Wurtman na cibiyar MIT a Amurka sun yi hasashen cewa sitaci yana ƙara sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, mai kwantar da hankali, don haka mai damuwa ke neman sa. Daga baya aka ga cewa ɗan furotin kaɗan a cikin abincin yana hana wannan tasiri, kuma ko tuwon dawa yana da furotin a cikinsa. Abin da ya fi tabbata shi ne tasirin barci. A 2004 masu bincike a Jami'ar Chicago suka taƙaita barcin samari 12 zuwa awa 4 dare biyu a jere. Sinadarin da ke ta da yunwa ya ƙaru a jininsu, mai sanar da ƙoshi ya ragu, suka riƙa marmarin kayan zaƙi da sitaci. Mai gadi da direban dare sun san wannan tun ba a auna ba. Sai kuma sabo: wanda ya tashi yana rufe darensa da tuwo, in aka ba shi kaza guda ba tare da shi ba, zai ce bai ci abinci ba. Haka nan duk mai azumi ya san abin da ransa ke kira da la'asar sakaliya, kunu ne da dabino da ruwan sanyi mai zaƙi.

A ganina kuskuren shawarar da ke yawo shi ne haɗa furar gero da lemon kwalba a kwando ɗaya. Gero da dawa da ba a surfe su ƙal ba suna tafe da dusarsu, wadda ke sa sukari ya shiga jini a hankali, kuma in an haɗa su da nono ko wake ko miyar kuka da zogale sai su ƙara daɗewa a ciki. Kwalbar lemo ta santilita 35 kuwa tana iya ɗaukar sukari kusan ƙaramin cokali 9, alhali a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kimanin cokali 12 ga baligi. A ƙara da shayi mai kauri da burodi, a ƙara da sukarin da ake ambaya wa fura da koko. Sa'an nan a tuna cewa malmalar tuwon da ta dace da mai noma a fadamar Gulbin Zamfara tun asuba ta yi wa mai zama a ofis ko shago yawa, musamman in babur ya ɗauke masa tafiyar ƙasa. Shi manomin, da ruwan ciki yake jan na rijiya. Wani bincike na 2018 da ya bi mutum fiye da 15,000 a Amurka shekaru da dama ya sami mafi ƙarancin mace-mace a wurin waɗanda kimanin rabin kalorinsu ke fitowa daga kabohaidiret.

Akwai kuma batun aljihu. Cika ciki da nama da ƙwai kullum ya fi ƙarfin yawancin gidaje. A wannan yanki, inda rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara masu tamowa a Anka da Gummi a 2022. Shawarar barin hatsi ba ta shafi yara ba ko kaɗan, haka mata masu ciki da masu shayarwa, kuma haɗari ne uwa ta ji ta a waya ta aiwatar a gidanta.

Mai ciwon sukari yana iya amfana da rage sitaci, domin sukarin jininsa yakan sauka. Amma in yana allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin rage sukari, ya yanke tuwo farat ɗaya bai canza magani ba, sukarin na iya faɗuwa har ya yi gumi da makyarkyata ya suma. Irin wannan mutum, da mai ciwon ƙoda, sai su fara ganin likita kafin su taɓa akushinsu.