Gadar Landan da Mutum 166 Suka Tona wa Asiri

Ranar 10 ga Yuni, 2000, aka buɗe sabuwar gadar masu tafiya da ƙafa a kan kogin Thames a Landan, wadda ake kira Millennium Bridge. Tsawonta mita 325 ne, ta taso daga wajen majami'ar St Paul ta sauka a bakin gidan zane-zane na Tate Modern, ta kuma lashe fam miliyan 18 da ɗoriya. Ba 'yan koyo suka yi ta ba. Kamfanin injiniyoyi na Arup ne ya yi lissafinta, fitaccen mai zanen gine-gine Norman Foster yana cikin masu tsara ta. An auna nauyi, an auna iska, kwamfuta ta ce komai daidai.

A ranar farko kimanin mutum 90,000 suka haye, wani lokaci har 2,000 a kanta gaba ɗaya. Sai gada ta fara layi, tana kai dama tana kai hagu har wajen santimita bakwai. A takarda wannan ba wani abu ba ne, amma ga wanda ke tsakiyar kogi ya isa ya sa shi cafke ƙarfen gefe. Ranar 12 ga wata aka rufe ta.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa takun mutane na girgiza gada sama da ƙasa, shi ya sa ake hana sojoji yin maci a kan gada. Wannan an sa shi a lissafi. Abin da ba a sa ba shi ne ɗan turin da ƙafa ke yi zuwa gefe. Mai tafiya yakan dogara a ƙafar dama, ya koma ta hagu, kusan sau ɗaya a daƙiƙa, gadar kuwa ita ma da wannan saurin take son lilo. Da ƙasa ta motsa, sai mutum ya buɗe ƙafafu kamar mai tsaye a kwale-kwale, yana gyara taku don kada ya faɗi. Gyaran nan shi ke ƙara wa gada ƙarfin lilon. Kowa na neman tsira, kowa na ƙara rura wutar.

Abin yabo ga mutanen Arup shi ne ba su tsaya kare lissafinsu ba. Sun sa an yi gwaji a jami'o'i, ana tafiyar da mutane a kan dandamali mai motsi ana auna ƙarfin takunsu. Da hakan bai gamsar ba, a watan Disamba na shekarar suka liƙa na'urorin auna motsi a jikin gadar kanta, suka kawo mutane suna zagaya ɓangaren arewa, ana ƙara su kaɗan-kaɗan. Har mutum 156, gada shiru. Aka ƙara goma suka zama 166, nan take lilo ya tashi yana ƙaruwa, dole aka tsayar da su. Ashe matsalar ba a hankali take zuwa ba, tana da iyaka, da an ƙetare ta shi ke nan. Babu kwamfutar da za ta faɗi wannan adadi tun farko, domin ba wanda ya ba ta labarin yadda ɗan Adam ke tafiya a kan abu mai motsi.

Daga awon nan suka fitar da sabuwar dabarar lissafi, suka tsara magani: na'urori 37 masu ruwa mai kauri a ciki da ke shanye motsin gefe, da wasu 52 masu nauyi da ke danne na sama da ƙasa. Gyaran ya ci kusan fam miliyan biyar. Wannan karon ba a yarda da takarda kaɗai ba, sai da aka tara mutum kusan 2,000 suka tattake ta ana aunawa, sannan aka sake buɗe ta ranar 22 ga Fabrairu, 2002. Lilon bai dawo ba, amma har yau mutanen Landan na kiranta gada mai layi.